Ruwan ƙasa bai san katanga ba

Rijiyar gidan Baffana ta girme ni, kuma in ka biye wa Baffa zai ce maka ta girmi mahaifina ma. Gaba tara ce, tana tsakar gida daga gefen turken awaki. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyin unguwa ke komawa taɓo, ita sai dai a ƙara wa igiya tsawo. Ruwanta sanyi ƙalau, garai-garai, babu zartsi babu wari. Tun asuba za ka ji sallamar 'yan mata a zaure da bokitai, don kusan rabin unguwar a nan suke ɗiba, kuma ba a taɓa karɓar sisin kowa ba. Idan Baffa yana lissafa ni'imomin da Allah ya yi masa, daga 'ya'ya da gona sai rijiyar nan.

A daminar 2021 jikokinsa uku suka kwanta cikin mako guda, amai da gudawa. Ƙaramar cikinsu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, a kan babur aka kai ta asibiti cikin dare, idanu sun faɗa, wuya ya saki. Sai da ta sha leda huɗu ta ƙarin ruwa. Allah ya sa da sauran shan ruwanta a duniya. Gida na uku daga na Baffa kuwa, yaron da ya kwanta rana ɗaya da ita bai tashi ba. Shekarar ce hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin kwalara ta kama a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohinmu na Arewa irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su ne a sahun gaba.

Da aka sallamo yarinyar, malamar asibiti ta bi su da nasihar da kowa ya haddace: ku riƙa tafasa ruwa kafin ku sha. Na je duba su bayan kwana biyu, ni ma da ƙarfina na maimaita wa uwar yarinyar wannan karatu, kamar ni na ƙirƙiro shi. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Yaya, da wane itacen?"

Ban da amsa. Gidan mutum ashirin da 'yan kai ne. Ruwan sha kawai, ban da girki, ba ya gaza jarka biyu a yini. Ƙiyasin da masana harkar ruwa suka saba kawowa shi ne kowace lita guda tana cin kusan kilo ɗaya na itace kafin ta tafasa. Ka lissafa da kanka. A ƙauyen da kara da kashin shanu ake haɗawa a dafa tuwo, a tsakiyar marka da ko karan ma a jiƙe yake, wa zai ware wannan uban itace don ruwa? Kuma in an tafasa, a ina za a juye shi ya huce, wa zai tsare yaro mai ƙishi har ya huce? Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, wannan ba gardama. Ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka ya wadatar. Ga jariri da mara lafiya ya zama tilas. Amma a ce ita ce dukan abin da hukuma za ta iya gaya wa mutanen karkara, shekara da shekaru, a rediyo da asibiti, wannan zame kai ne. An ɗauki matsalar gari guda an ɗora wa matar da ba ita ta zaɓi wurin da aka haƙa rijiya ba, ba ita ta zaɓi wurin masai ba, ba ita ke riƙe da kuɗin siminti ba. In yaro ya yi zawo kuma a ce ƙazantar uwa ce.

Abin da nake son faɗa ke nan. Mun ɗauki rijiyar cikin gida a matsayin sha'anin cikin gida, kamar akurkin kaji, ba ruwan kowa da ita. Ramin kam na maigida ne, shi ya biya mahaƙa. Ruwan da ke taruwa a cikinsa kuwa ta ƙarƙashin gidajen mutane ya biyo, kuma duk abin da ya taras a hanya da shi yake zuwa.

Ranar da na gane haka, da ƙafata na gane. Na tsaya a bakin rijiyar na taka zuwa katangar gabas, taku biyar. Na zagaya gidan maƙwabci, mutumin kirki, aminin Baffa tun ƙuruciya. A jikin katangar nan ta ɓangarensa akwai sabon masai da ya haƙa shekara biyu da suka wuce, bayan an raba gadon gidansu kowa ya ja tasa katangar. Daga masan zuwa bango taku uku. Taku takwas ke nan tsakanin inda unguwa ke shan ruwa da inda gida guda ke zagayawa. Ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke koyarwa ita ce a bar aƙalla mita 30, wajen taku arba'in na babban mutum, kuma gindin masai ya tsaya kamar mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. A ƙasa mai yashi, ko a bakin fadama irin ta yankin Haɗeja inda ruwa ke tasowa kusa da fuska idan damina ta yi nisa, wannan tazara ma wani lokaci ba ta isa. Babu mugu a cikin labarin nan. Maƙwabci bai san rijiya na daidai wurin ba balle ya yi tunani, Baffa kuma bai taɓa jin cewa abu na iya ratsa ƙasa ya iso ba.

Ba mu muka fara ba. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa, har ya gano famfon titin Broad ne, ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya da aka tona, sai aka ga ramin ƙazantar wani gida yana daf da rijiyar, yana tsiyaya cikinta. Mutanen unguwar kuwa suna yabon ruwan famfon nan da daɗi, har akwai wadda ta bar unguwar amma ake kai mata shi takanas. Da na karanta wannan sai na tuna Baffa da ruwansa mai sanyi.

Akwai wani abin da ya kamata masu yaƙi da bahaya a fili su ji, ba don a rage musu ƙwazo ba. A 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta, a 2019 aka ƙaddamar da gangamin kowa ya yi amfani da masai, a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka shaida ta rabu da bahaya a fili. Abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai duk masan da aka haƙa a cikin gari mai cunkoso, ƙazantar da a da take bayan gari an matso da ita kusa da rijiya ke nan. In ana ƙirga masai ba a auna tazararsa da rijiya, to an kori ɓarawo ta ƙofa an buɗe masa taga. Aikin biyu tare ya kamata su tafi, kuma mutum ɗaya ya kamata ya riƙa duba su.

Da na kawo wa Baffa maganar, sai ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan boko. Ya ce, "Kai ɗan nan, je ka ɗebo." Na ɗebo. Ya ɗaga kofin ya nuna wa rana. "Launinsa ya sake?" Na ce a'a. "Ɗanɗanonsa fa? Warinsa fa?" Na ce Baffa babu abin da ya sake. Ya ce, "To ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa. Da shi nake alwala shekara sittin."

Gaskiyarsa a nan, kuma ban yi wautar musa masa ba. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, ruwan da ɗayan siffofinsa uku bai jirkita ba ya halatta a yi tsarki da shi. Amma malamai hukuncin ibada suka yanke, ba su ce sun ba da takardar lafiya ba. Ruwa na iya inganta alwala ya kuma kwantar da yaro, domin abin da ke kawo kwalara da taifot da wani nau'in ciwon shawara ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa. Kuma addinin bai tsaya a siffofi uku ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka, ya kuma ja kunne kan yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Ina mamakin yadda limamanmu ke iya shafe wata guda kan abubuwan da ke warware alwala, amma da wuya ka ji huɗuba guda a farkon damina kan tazarar masai da rijiya. Da an yi, da ta fi sanarwar rediyo goma shiga.

Hujja ba ta karya Baffa ba, kwalba ce ta karya shi. Wani abokina da ke aikin gwajin ruwa ya ba ni 'yan ƙananan kwalabe guda uku, kowace da 'yar takarda mai magani a ciki. Ana zuba ruwa a rufe, a ajiye a ɗaki kwana ɗaya zuwa biyu. In akwai irin ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida, ruwan sai ya koma baƙi. Ba cikakken gwaji ba ne, manuniya ce kawai, amma ba ta buƙatar wuta ko na'ura. Na cika ɗaya da ruwan da aka jawo daga rijiya a gaban Baffa, ɗaya daga randar tsakar gida, ɗaya kuma da ruwan rijiyar da na ɗiga wa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Shi da kansa ya jera su a kan taga cikin turakarsa, don kada a ce na yi wani siddabaru. Da hantsin jibi ya aiko a kira ni. Biyu sun yi baƙi ƙirin kamar an jiƙa zuge, ta randar ma ta riga ta rijiyar juyawa. Ta ukun tana nan fes. Ya buɗe ɗaya, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancinsa, ya mayar da murfin da sauri. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Wannan muke ba baƙi?"

Ba jikoki ya fara tunawa ba, baƙi ya tuna. Na bar shi a haka, don kunya ma hanya ce.

Abin da aka yi bayan nan ba wani abin al'ajabi ba ne, kuma da shi ya kamata a fara kafin a zo maganar magani. Yawancin dattin rijiyar gida ta sama yake shiga. An ɗaga bakin rijiyar da bulo har ƙugu, aka shafe cikinta da siminti daga sama zuwa 'yan gabobi don kada ruwan tsakar gida ya riƙa silalawa ta gefe, aka yi daɓe mai gangara kewaye da ita da 'yar kwata mai kai ruwan da ya zube can nesa, aka sa murfin ƙarfe. Turken awaki ya koma bayan ɗaki. Sai guga. Kowace yarinya da gugan gidansu take zuwa, ta yar da igiya a ƙasa cikin caɓi da kashin kaji, ta taka ta da silifas ɗin da ta fito da shi daga ko'ina, sannan ta zura ta cikin ruwan da za a sha. Yanzu guga ɗaya ne, na rijiyar, yana rataye a jikin ƙugiya, igiyarsa ba ta taɓa ƙasa. Wannan doka ta fi siminti wuyar kafawa, har an yi 'yan gutsiri-tsoma a unguwa cewa rijiya ta bayar guga ya hana. Bayan wata guda kowa ya saba.

Sai randa, wadda a nan ne nake samun saɓani da masu son gargajiya, kuma ni ma ina cikinsu. Babu firjin da ya kai randa daɗin ruwa. Amma bakinta a buɗe yake, moɗa ɗaya ce, yaro ya dawo daga wasa ya cusa hannu har gwiwa, ya sha, ya mayar da ragowar. Ko daga ina ruwan ya fito, ko na burtsatse ne mai tsabta, a nan yake lalacewa. Shi ya sa kulorin ya fi tafasawa dacewa da gidan yawa: ruwan da aka tafasa, da zarar ya huce ba shi da mai tsaro, amma kulorin yana saura a cikin ruwa yana gadi har zuwa washegari. Ana samunsa na ruwa a 'yar kwalba irin WaterGuard, ko na ƙwaya irin Aquatabs. A zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jiki, a girgiza jarka, a jira minti talatin. Shi ke nan. Ba a yin kirdado da shi, kuma ba a ɗauko ruwan wanki mai ƙamshi a ce ai duk ɗaya ne. In ruwan ya yi gurɓi, sai an fara kwantar da shi, domin laka tana cinye ƙarfin maganin. Iyayenmu mata sun san alif tun da daɗewa, kuma 'ya'yan zogale da aka daka suna yin wannan aiki, matan ƙauyukan bakin Nilu a Sudan sun daɗe suna amfani da su. Amma fa kwantar da ruwa daban, kashe cuta daban. Da yawa suna ganin ruwa ya washe bayan alif sai su ce an gama.

Akwai masu zuwa bayan annoba su antaya kulorin cikin rijiyar kanta, su ɗauki hoto su tafi. Yana da amfani bayan an yashe rijiya, ko bayan ambaliya ta cika ta, irin abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, kwalara ta biyo baya. Amma ƙarfinsa kwana ɗaya ne ko biyu, domin sabon ruwa yana ta ɓuɓɓugowa ta hanyar da tsohon ya biyo. Wanda aka gaya masa "an sa wa rijiyarku magani" ya saki jiki har shekara, an cuce shi. Wanda kuma ba shi da ko kuɗin kulorin, rana kyauta ce a ƙasarmu: gorar roba mai haske, a cika ta da ruwan da ba shi da gurɓi, a kwantar a kan kwano awa shida cikin rana sosai, kwana biyu in da hadari. Tana aiki, sai dai ba ta ɗaukar gidan mutum ashirin.

Kada wani ya ce mutanen ƙauye ba sa karɓar sabon abu. Wanda ya haura shekara arba'in ya san kurkunu, ya ga manomi kwance da damina ana naɗe tsutsa a tsinke. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu ita a Najeriya. Ba allura aka yi ba, ba ƙwaya aka raba ba. Ƙyallen tace ruwa ne, da 'yan sa-kai na cikin ƙauye masu bi gida-gida, da manya irin tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon da suka sa gwamnoni da sarakuna a gaba. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Najeriya ta rabu da ita, Nijar ma a shekarar. Mutanen da suka riƙe ƙyalle shekara ashirin ba za su kasa riƙe murfin kwalba ba, in akwai mai kawo musu kwalbar da mai tuna musu. A yammacin Kenya an gwada dasa ɗan tankin kulorin a bakin mashaya, mace ta murɗa ya ɗiga mata daidai jarka guda kafin ta ɗauka, da wani ɗan unguwa mai kula da cika shi, kuma an ga mutane sun fi amfani da shi nesa ba kusa ba a kan a ce su je kanti su saya. Michael Kremer, wanda ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, shi da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka ga tsabtace ruwan sha yana rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Rijiya irin ta Baffa, mai shayar da rabin unguwa, ai ita ce wurin irin wannan tanki.

Na san abin da ɗan siyasa zai ce: a bar wahala, a haƙa musu burtsatse. Ina son burtsatse, ruwan da ya fito daga zurfi ya fi kuɓuta daga masai. Amma duk wanda ke yawo a karkara ya ga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu, allon sunan mai girma wane yana tsaye, awaki na kwance a gindi, mata sun koma tsohuwar rijiya. Kuma zurfi ba shi ne lafiya ba. A Tibiri, kusa da Maraɗi, an haƙa rijiyar burtsatse a tsakiyar shekarun 1980, gari ya yi murna. Ruwan yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, daga duwatsun ƙasa, ba wanda ya zuba. Sai da aka shafe shekara goma sha wani abu ana sha kafin a rufe ta, bayan ɗaruruwan yara sun tashi da ƙafafu a lanƙwashe da haƙora ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. A nan gida ma an san yankunan Kaltungo da Langtang da wannan matsala ta haƙora. Irin wannan ruwa ko ka kwana kana tafasa shi ba abin da zai ragu, kulorin ma bai san da shi ba. Haka sinadarin naitiret da ke tsiyayowa daga masai da takin zamani, wanda ya fi yi wa jarirai illa: tafasawa ƙara masa kauri take yi, tun da ruwa ne ke tashi shi ya zauna. Haka dalma. Yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, yawanci ta ƙurar dutsen zinare ta shige su, amma duk garin da ake niƙa dutse ana wanke shi, bai kamata a sha rijiyarsa a kan zato ba.

To wa zai gaya wa maigida abin da ke cikin ruwansa? Ba zai gani ba, ba zai ɗanɗana ba, kuma ba zai ɗauki gora ya tafi babban birnin jiha neman ɗakin gwaji ba. Najeriya tana da ma'aunin ingancin ruwan sha a rubuce tun 2007, jihohi suna da hukumomin ruwa da tsaftar karkara, amma wannan duka bai taɓa isowa bakin rijiyar Baffa ba cikin shekarun da ta yi tana shayar da mutane. A nan nake ganin a dawo da duba-gari, ba da suna ba, don har yanzu ana horar da su kuma suna karɓar albashi a ƙananan hukumomi, a dawo da su bakin aiki. A ba kowane ɗaya babur, da igiyar awo, da kwalaben gwaji. Kowace rijiyar da fiye da gida ɗaya ke sha a rubuta ta, a gwada ta sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta. Gwajin sinadarai mai tsada kuma a yi wa kowace sabuwar burtsatse kafin a buɗe ta, da 'yan rijiyoyi daga kowace gunduma, a liƙa sakamakon a ƙofar gidan dagaci da harshen da mutane ke ji. Kada mai haƙa masai ko rijiya ya sa diga sai mai unguwa da duba-gari sun taka wurin. Tsarin mulki ya riga ya ɗora wa ƙaramar hukuma sha'anin tsaftar gari, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin ciyamomi ya ragu, ko da kuɗin bai gama isowa hannunsu ba.

Tsoron da ake ji na san shi, kuma ba na raina shi. Kakata ta sha ba mu labarin yadda mata ke kifar da randa su ɓoye idan aka ce ga duba-gari nan, don tsutsa ɗaya a ruwa tara ce. A Najeriyar yau, ba wa ma'aikaci ikon rufe rijiyar talaka kamar ba shi lasisin karɓar na goro ne. Don haka ni ban ce a ba shi rasit ɗin tara ba. A ba shi kulorin ya raba, a auna aikinsa da yawan rijiyoyin da suka tashi daga baƙar kwalba zuwa fara. Wanda ya shigo gida da abin bayarwa, ba a ɓoye masa randa.

Masu haƙa rijiya sadaka ma da magana a kansu. Lada ce babba, tun daga Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina. Amma sau nawa mai sadakar ke komawa bayan an ɗauki hoton buɗewa? Wanda ke neman sadaka mai gudana, ya ware wani abu na murfi da daɓe da gwaji da kulorin na shekara. Gyara tsofaffin rijiyoyi goma da mutane ke sha yanzu ya fi sabuwa guda da za a rubuta sunansa a jiki, sai dai ba ya hoto.

Maganar masan maƙwabci ita ce ba ta warware ba har yau. Filin gidansa bai kai a matsar da shi taku arba'in ba ko ta wace kusurwa, kuma Baffa ya ce ba zai ɓata zumuncin shekara sittin a kan rami ba. Sun yi magana sau ɗaya a ƙofar masallaci, maƙwabcin ya yi alkawarin in wannan ya cika zai haƙa na gaba ta yamma. Da marka ta bara na sake kai kwalba, ta rijiyar ta yi duhu, ko da yake sai a kwana na biyu. Don haka jarkoki biyu masu shuɗin murfi suna nan a ƙofar ɗakin girki, babbar jikar gidan ce mai ɗiga maganin kowace safiya kafin ta tafi makaranta, kuma daga nan yara da baƙi ke sha.

Shi Baffa ya ce ruwan yana warin asibiti. Yana da 'yar randarsa a turaka, da moɗarsa da ba mai taɓawa, ana cika masa kai tsaye daga rijiya. Na yi magana har na gaji. Ran nan na tarar da ƙaramar jikar, wadda aka kai asibiti a kan babur, ta lallaɓa ta miƙa hannu za ta ɗauki moɗar. Ya riƙe hannun, ya ɗaga murya ya kira uwarta ta kawo wa yarinya ruwa daga jarka.